Robar Delco

Mijin yayata, Delco, bai taɓa fasa ko kofi ɗaya ba a rayuwarsa. Na fara da wannan ne don kada a ce ban yi masa adalci ba. Ba ya duka, ba ya bin mata, barasar da yake dafawa kowace kaka ma baƙi ne suke shanye masa. Da ya mutu bara, unguwarmu ta nan garin Troyan kaf ta fito, kowa na cewa an yi rashin gwani. Ni ma na je, na kunna masa kyandir, na ci dafaffiyar alkamar da aka raba, na tsaya ina kallo aka kwantar da shi kusa da yayata Nedyalka, wadda ta riga shi tafiya. Kuka ne dai ban yi ba, kuma ban rufe fuska don a zaci ina yi ba.

A wani ƙauye can saman dutse aka haife shi, irin gidan da in akuya ta yi tari an fi damuwa da in yaro ya yi. Shi da bakinsa yake ba da labarin takalminsa na farko. A hannu yake riƙe shi har ƙofar makaranta, ya sa, in an tashi ya cire ya koma gida ƙafa a ƙasa. Har takalmin ya yi masa kaɗan ƙasansa bai goge ba. Yana faɗin wannan da alfahari, mu kuma muna ta dariya. Da muna da hankali, da tun a nan muka hana shi Nedyalka.

Mu dama mutane ne masu rufe abu. Talabijin da mayafin saƙa, kujerun falo da bargo, ɗakin baƙi a kulle shekara da shekaru, farantai masu kyau suna cikin kabad suna jiran baƙon da bai taɓa zuwa ba. Uwarmu ta mutu ta bar zannuwan gadon aurenta ko ninkinsu ba a warware ba. To amma ko a cikinmu Delco ya yi fice. Motarsa Moskvich tana cikin gareji, a cikin garejin ma da tamfol a kanta, kujerun da leda, a kan ledar kuma da bargo don kada ledar ta yage.

Makanike ne a masana'antar tangaran, shi ke kula da injuna, a can kuma ya ga yayata. Ita tana ɗakin zane, inda mata ke zama a jere suna ɗiga launi a kan kwanuka da tuluna, su ja shi da tsinke ya fito da adon nan da muke cewa idon ɗawisu. Tun tana budurwa take wannan aiki. Kwanukanta sun je ƙasashen da ko sunansu ba ta iya faɗa daidai ba, kuma babu ko ɗaya mai sunanta, hatimin masana'anta ake bugawa a gindi. Takan ce da ni, "Tsonka, idon da na zana ya fi gashin kaina yawa, amma ban taɓa zana tsuntsun ba."

A zamanin nan kowa so yake ya je teku da bazara, samun ɗaki kuwa a gidajen hutun ma'aikata sai wanda ya san wani. Delco ya ce shi ba zai roƙi kowa ba, zai gina ɗakinsa ya ɗaura wa mota ya ja. Karabana ake ce wa irin wannan ɗaki, amma ta kanti ko a mafarki ba mu gan ta ba. Ya samo gindin wata mota da ta yi hatsari, ya yi waldar ƙarfe da kansa, ya bi kafintoci yana tsintar katako, tagogin kuma daga wata matacciyar bas ya ciro su. Ya daɗe yana wannan aiki. Maƙwabcinsu Genco, direban motar burodi, kullum yana rataye a katanga yana tsokana, yana ce masa Bai, yadda muke kiran babba a wajenmu.

"Bai Delco, wai akurkin kaji ne ko makara?"

"Bari in gama, kai za ka fara zuwa aro."

"Ni? Ai ban shirya mutuwa ba tukuna. Ka dai bar wa gawar taga ta sha iska."

Amma fa ta yi kyau, ba zan ƙi gaskiya ba. Gado biyu, tebur mai naɗewa, ɗan kabad na girki a gaba, ƙofa tana rufuwa ko ƙara babu. Goshinta kaɗai ya rage, wani faffaɗan katako fari fat mai ɗan lanƙwasa daga sama. Wata Lahadi Nedyalka ta tsaya a gabansa, hannu a ƙugu, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Wannan nawa ne." Delco ya ce ta ɗauka. Na tabbata a ransa ya zaci 'yan furanni za ta ɗiga a gefe.

Ta samo fenti wurin wani mai rubuta allunan shaguna. Kullum in ta tashi daga aiki, ko abinci ba ta tsayawa ci, sai ta ɗaura tsohon zane ta hau kujera. Ni ke riƙe mata gwangwanaye, ina mita, tana kunnen uwar shegu da ni. Ɗawisu ta zana, guda, tun daga ɗan tukkun kansa har faratan ƙafa, ya baza wutsiya ta cike goshin karabana daga wannan gefe zuwa wancan. Wuyan wani irin shuɗi ne da ban sake ganin irinsa ba. Idanun wutsiyar kuwa ba biyu da suka yi kama da juna, don ta ce a masana'anta ne ake tilasta mata su zo ɗaya. Can ƙasa ta dama ta rubuta sunanta cikakke, Nedyalka Minceva, da jan fenti.

Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kan haka ba. Abu ɗaya na ji ta roƙa da bakinta. Ta ce ranar tafiya Delco ya bi da su ta babban titi, ta ƙofar masana'anta, daidai lokacin da ake shiga aiki.

"Kako, yabo kike nema a wurin waɗancan gulmammun?" na ce da ita. Kako muke kiran yaya mace a wajenmu.

"Ba yabo ba. So nake mutum ya ɗaga kai ya ce wa ya yi wannan, a ce masa ga sunan nan a ƙasa, karanta."

Ranar tafiya uwarmu ta zuba ruwa a gaban mota don hanya ta yi sauƙi. 'Yan layinsu suka fito. Genco ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya dubi tsuntsun, ya mayar da bakinsa ya rufe. Nedyalka tana gaba da sabon ɗankwali, ni ina baya tsakanin tukwane da buhun tattasai. Daga layinsu zuwa babban titi sai an bi hanyar bakin kogi, kuma a satin nan aka zuba mata sabuwar tsakuwa. Muna hawa na fara jin ƙara a bayanmu, tas, tas, tas, kamar ana suyar gyaɗa a yashi. Tayoyin motarmu ne ke kwasar tsakuwa suna watsa wa goshin karabana. Wata babbar mota ta wuce mu ta ƙara nata. Kafin mu kai gada Delco ya taka burki.

Muka fito. 'Yan tabo ne, wasu a wutsiya, ɗaya a wuya, ko wanne bai fi ƙwayar wake ba. Delco ya sa yatsa a kan na wuyan, fuskarsa ta yi fari.

"Bar shi," in ji Nedyalka. "Ina da sauran fenti a jaka. In mun isa na shafe, ko minti biyar ba zai ci ba."

"Nan da gada kenan. Kin san abin da zai rage kafin teku?"

"Abin da ya rage shi ne nawa. Delco, mu tafi, an kusa shiga aiki."

"Ki sha wahala wata da watanni, in bar duwatsun titi su cinye? Ba da ni ba."

Ya juya mota a nan bakin gada, a hankali, tafiyar da ko mai keke zai wuce mu. Ruwan da uwarmu ta zuba bai gama bushewa ba muka dawo muka taka shi. Wannan bazarar ba wanda ya ga teku, kuma ban da 'yan layin nan ba wanda ya ga ɗawisu.

Daga nan Delco ya shiga yaƙi da tsakuwa. Ya ƙara wa robobin bayan tayar mota tsawo har suna sharar ƙasa, tsakuwa ta bi ta gefe. Ya ɗaure wa goshin tsohon bargo da igiya, iska ta shiga ƙarƙashi ta yi ta kaɗa shi har ya ji tsoro kada bargon ya goge fentin. Ya yi ragar waya ya kafa a gaba, ƙananan duwatsu suka bi ta ramukan. Duk gwajin nan da wani katako yake yi da ya shafa wa farin fenti, ya ɗaura a bayan mota ya yi ta zirga-zirga a hanyar bakin kogi, ya dawo ya zauna yana duba tabo kamar likita. Karabana ita kam tana gareji.

Da hunturu aka canza bel ɗin da ke jan yumɓu a masana'anta, wata baƙar roba mai kaurin yatsa. Delco ya kawo tsohon gida. Ya yanka shi daidai goshin karabana, ya yi masa firam na ƙarfe, ya huda katakon ta gefe-gefe inda fenti bai kai ba, ya ɗaure da noti ta ciki, ta bayan kabad ɗin girki. Sannan ya bi bakin robar kaf da wani baƙin danƙo ya toshe, wai don ko iska kada ta shiga. Da ya gama ya kira mu mu gani. Ya ɗebi tsakuwa cike da hannu ya watsa da ƙarfinsa, ta zube ƙasa, robar ko gezau.

"Ina tsuntsuna?" in ji Nedyalka.

"Yana ciki, lafiya lau. Muna isa teku zan cire."

"Ƙofar masana'anta fa?"

"In an zuba wa hanyar bakin kogi kwalta."

Bazara ta zagayo muka tafi. Mun bi ta babban titi kuwa, ta ƙofar masana'anta, da baƙin goshi kamar motar kwasar gawayi. Nedyalka ta sunkuyar da kai har muka wuce. Da muka isa sansanin masu hutu a bakin teku, tun ba a sauke kaya ba ta miƙa wa Delco sifana. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce iskar nan gishiri ce zalla, gishiri kuwa ya fi tsakuwa cin fenti. Washegari ya ce yashi. Ranar da iska ta kwanta ya ce rana ta yi zafi, shuɗi ba ya jure rana. Da ta matsa, sai ya faɗi gaskiyar abin: in ya cire sai ya fasa danƙon, kuma bai zo da wani ba, da me za mu koma gida?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mazan sansanin suka yi wa robar nan caa. Kowa ya iso da goshin karabanarsa kamar mai zanzana, ga ta Delco sumul. Suka kewaye ta, suna ƙwanƙwasawa, suna aunawa da taƙi, suna tambayar inda ake samun bel. Delco ya tsaya a tsakiya da gajeren wando yana bayani, yana watsa tsakuwa don su gani. Kafin wasu shekaru rabin sansanin ya koma baƙin goshi, har ana cewa "a yi mata irin ta Bai Delco". Wata rana muna wanke-wanke a famfo, Nedyalka ta ce da wata mata daga Pleven, "Kin san akwai ɗawisu a ƙarƙashin robar can? Ni na zana." Matar ta tuntsire da dariya, ta ce, "Ni ma akwai zaki a ƙarƙashin gadona." Yayata ta yi murmushi ta ci gaba da cuɗa tukunya. Ban sake jin ta gaya wa wani baƙo ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. An zuba wa hanyar bakin kogi kwalta, sai ya ce ai hanyar shiga sansani har yanzu burji ce. A gida kuma, in ta ce to a buɗe a tsakar gida kawai, ya ce ƙura, ko yaran layi da ƙwallo, ko danƙo ya yi wuyar samu. Ba da faɗa yake faɗa ba, da murmushi yake yi, yana shafa mata kafaɗa. Wannan shi ne abin da ke kashe mutum. Da mugu ne da mun san yadda za mu yi da shi.

Ta taɓa gwadawa da kanta, ranar da ya tafi ƙauyensu jana'iza. Ta kira ni muka shiga da sifana, muka tarar sai an fitar da kabad ɗin girki gaba ɗaya kafin a kai ga notin, kabad ɗin kuma an haɗa shi da gado, gadon an haɗa shi da bango. Na ce mu sa wuƙa mu tsarge robar ta waje. Ta riƙe mini hannu, ta ce wuƙar za ta taɓa fentin. Muka zauna a bakin gadon muna haki, sai ta yi dariya, irin wadda ba daɗi a ciki.

Ni kam ban iya haɗiye magana ba. Na tare Delco a gareji, shi da nake kira Bate kamar yayana, na ce, "Bate, wai wa kake ajiye wa? Jikokin Genco?"

"Ke ba ki san darajar abu ba, Tsonka. Shi ya sa komai naki a fashe yake."

"Nawa a fashe, amma na ci abinci a ciki."

"Aikin hannunta ne. Duk duniya ba abin da na fi so kamarsa. Wata rana za ta gode mini."

Kuma ya yarda da abin da yake faɗa, har idonsa ya kawo ruwa. Na yi tsaki na fita, don in na ƙara minti ɗaya zan jefe shi da wani abu.

Gwamnati ta canza, masana'anta ta rufe, man fetur ya gagari irinmu, zuwa teku ya ƙare. Aka fitar da karabana daga gareji don Delco ya sami wurin gyaran injinan wankin mutane, aka ajiye ta a gindin bishiyar goro ta tsakar gida, dusar ƙanƙara ta sauka a kanta ta narke, ta sake sauka. Nedyalka ta daina tambaya. Shi a ganinsa ta gane ne, har yana gaya mini, "Kin gani? Ta fi ki hankali." Ni da na san ta tun muna kwana gado ɗaya, na san ba ganewa ba ce, gajiya ce.

Sai ciwon suga ya taɓa mata ido. Da farko zare ne ba ta iya sawa a allura, daga baya ta fara zuba shayi a gefen kofi. Ni na raka ta asibiti ranar da likita ya ce na hagu ya tafi, na dama kuma kada mu sa rai zai kai hunturu. Muka dawo gida a bas. Da muka zauna cin abinci, ta ajiye cokali ta ce, "Delco, ina so in ga tsuntsuna."

Ya buɗe baki. Na rantse na ga wani dalili yana tahowa a leɓensa, na riƙe gefen tebur ina jira. Ya dube ta, ya ga yadda take kallon inda ta zaci fuskarsa take, alhali ta ɗan kauce. Ya ce, "Ranar Lahadi."

Ka ga yayata a satin nan, sai ka ce yarinya. Ta sa na kira matan ɗakin zane, waɗanda suka rage da rai kuma suke iya tafiya, har da Velika da suka yi zama kujera ɗaya tun suna 'yan mata. Ta ce tunda ba a kai musu tsuntsun ƙofar masana'anta ba, su su zo ƙofarsa. Muka yi banitsa, burodin nan namu mai cuku a ciki, muka gasa tattasai, aka fito da farantan kabad da ban taɓa ganin an ci abinci a cikinsu ba. Ta sa rigar da take ajiya, ta ce in shafa mata jan baki, kada ya fita layi. Delco kuwa tun ranar Juma'a yake cikin karabana yana kwance gado da kabad, yana jera kowace ƙusa a kan tsumma.

Ranar Lahadi rana ta fito tas. Muka jera kujeru a tsakar gida, muka sa tata a gaba, kusa, inda take ganin za ta iya kama launi. Matan suna ta surutu, wannan na cewa ƙafa, wannan na cewa ɗanta a Sifen bai kira ba. Genco, wanda ya tsufa har ya daina tsokana, ya zo taimako. Aka cire firam. Delco ya bi danƙon da wuƙa a hankali. Robar ta ƙi saki. Suka kama ta sama su biyu suka ja, ta taho da wata ƙara kamar ana ɓare jiƙaƙƙen tsumma daga ƙasa.

Warin ne ya fara iso mu, warin rami, warin dankalin da ya ruɓe a buhu. Babu ɗawisu. Katakon ya yi baƙi ƙirin da funfuna, ya kumbura, ya ɓare falle-falle. Fentin ya bi bayan robar, ɗan kore nan, ɗan shuɗi can, a cakuɗe da ruɓa. Ƙananan ƙwari suka watse suna neman duhu. Ruwa ne ya yi ta bin ramukan notin sama yana shiga, duk shekara, ya rasa ta inda zai fita.

 Delco yana tsaye da gefen robar a hannu.

"Me ya sa kuka yi shiru?" in ji Nedyalka. Tana murmushi, tana ƙanƙance ido. "Inuwar bishiyar nan ta tare mini. Velika, kin gani?"

Velika ta dube ni. "Na gani, Nedo. Kyau ne ya kashe mana baki."

"Shuɗin wuyan yana nan?"

"Yana nan. Har ƙyalli yake."

Sauran suka kama, kowa na tofa tata. Kai, wannan wutsiya! Ashe haka kika iya kika ɓoye mana? Wata har da tafi. Nedyalka ta saurare su, murmushin yana raguwa kaɗan-kaɗan, hancinta yana motsi.

"Tsonka, ban ji bakinki ba."

Ta miƙo mini hannu.

"Zo ki kai ni."

"Kako, zauna tukuna, a share shi."

"Zo ki kai ni, na ce."

Na kama hannunta na kai ta. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa katakon, ta juya kai ta kawo idon dama, ta yi sama, ta yi ƙasa. Sannan ta miƙa hannu can ƙasa ta dama, inda sunanta yake. Yatsanta ya nutse a ciki kamar a jiƙaƙƙen burodi. Ta ciro, ta murza abin da ya biyo yatsan, ta sansana. Ta sa tafin hannu ta shafa goshin tun daga wannan gefe har wancan, a hankali, yadda suke shafa kwano a masana'anta in suna neman tsaga. Ɓarɓashi yana zuba a kan takalminta.

"Nedo," in ji Delco.  "Ruwa ne. Ban san ta inda ya bi ba. Na toshe ko'ina."

"Na sani. Ka toshe ko'ina."

"Zan cire katakon in sa sabo. Gobe-goben nan. In sayo fenti, ki sake..."

Bai ƙarasa ba. Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa, ta bar shi ya ji abin da ya faɗa.

"Da ka bar wa tsakuwa, Delco, ɗaya-ɗaya za ta riƙa cin idanun. Da yanzu ina da ko rabin tsuntsu, kuma da an gan shi."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ni ce nake kuka, don haushi, har ina jin kamar in kama robar nan in naɗe shi a ciki. Ta goge hannunta a jikin rigar da ta shekara tana ajiya.

"Mayar da robarka," ta ce. "Ina da baƙi, ba za su ci abinci suna kallon wannan ba." Sannan ta juya wajen matan. "Ku taso, banitsa za ta huce. Velika, ke dai har yanzu ba ki iya ƙarya ba."

Muka zauna a tebur ƙarƙashin rumfar inabi. Aka fara cin abinci. Daga inda nake ina hango Delco. Genco ya zo zai kama masa, ya ture hannunsa. Shi kaɗai ya ɗaga robar nan mai nauyi, ya tokare ta da kafaɗa, ya mayar da firam, ya shiga ciki da sifana. Muna jin shi yana ɗaurewa. In ya ɗaure wannan ya fito, sai wancan gefen ya saki, robar ta zamo ta rataya. Ya sake ɗagawa, ya sake shiga.

Nedyalka ta karkata kai tana sauraro.

"Ya gama?"

"Bai gama ba, Kako. Katakon ba ya riƙe noti."

"Zai samo dabara," ta ce. "A wannan ba a fi shi ba." Ta laluba ta tura farantinta gabana. "Ƙara mini tattasai."